Rediyon Bayan Fage: Tarihin Tashoshi Marasa Lasin a Birtaniya da Ailan, 1964–1990

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da aka fara watsa magana ta iska, hukumomi suka ɗauki sararin samaniya tamkar filin gwamnati, wanda ba mai kafa bukka a cikinsa sai da izini. Wannan izini shi ne lasin, kuma shi yake ƙayyade wa tasha zangonta da ƙarfin na'urarta. Tashoshin da suka yi aiki ba tare da shi ba, Turawan Ingila sun laƙaba musu sunan 'yan fashin teku, saboda waɗanda suka fi shahara a cikinsu daga jiragen ruwa suke watsa shirye-shiryensu. A wannan maƙala an zaɓi a kira su tashoshin bayan fage, domin ba dukkansu ne suka zauna a teku ba.

Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa duk inda irin wannan tasha ta samu karɓuwa, to akwai wata jama'a da rediyon hukuma ya bari a baya, ko dai muryarsa ba ta isa gare ta sosai, ko kuwa tana isa amma ba da harshe ko kiɗan da jama'ar take so ba. Doka takan rufe tashar, sannan daga baya hukuma ta gaji aikinta.

2.0 Yadda Murya ke Isa ga Mai Sauraro

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a fahimci halin matsakaicin zango, wanda a kansa yawancin masu sauraro suka dogara a wancan zamani. Da rana sautin wannan zango yakan bi doron ƙasa ne, yana raguwa gwargwadon nisan tafiya, don haka tasha ba ta wuce yankinta. Da dare kuwa, wani ɓangare na sararin samaniya da yake shanye sautin da rana yakan gushe, sai sautin ya haura sama ya dawo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan mil. Wannan ne dalilin da ya sa akan kama tashoshin ƙasashe masu nisa bayan faɗuwar rana, amma murya tana zuwa tana ɗaukewa, tashoshi kuma suna hawan juna. Har ila yau, ruwan gishiri ya fi busasshiyar ƙasa ɗaukar wannan sauti. Ke nan na'ura madaidaiciya a kan jirgin ruwa tana iya mamaye yanki mai faɗi da rana tsaka.

Saboda sauti bai san iyakar ƙasa ba, ƙasashen Turai suka riƙa zama suna raba zanguna a tsakaninsu, kamar yadda suka yi a birnin Copenhagen a 1948. Duk wanda ya hau zangon da ba a ba shi ba, to ya shiga gonar wani.

3.0 Zamanin Babakeren BBC

An kafa BBC a matsayin kamfani a 1922, ta zama hukuma a 1927 a ƙarƙashin jagorancin John Reith. Ba ta tallar kaya, kuɗin shigarta daga lasin da masu akwatin rediyo suke biya yake fitowa, kuma ita kaɗai doka ta yarda ta yi watsa shirye-shirye a cikin ƙasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tana da sassa uku: na gida, wanda yake da rassa a manyan yankuna kamar Sikotlan da Wales da Arewacin Ingila, da na nishaɗi, wanda aka buɗe a 1945, da na uku, na masana da kiɗan gargajiyar Turai, wanda aka buɗe a 1946.

Matasa su ne wannan tsari ya fi ƙuntata wa. Akwai yarjejeniya tsakanin BBC da ƙungiyar makaɗa da kamfanonin faifai wadda ta taƙaita sa'o'in da za a sa faifan garmaho, don kada makaɗan da ake ɗauka su yi wasa kai tsaye su rasa abinci. Saboda haka a farkon shekarun 1960, lokacin da sabon kiɗan matasa ya game ƙasa, ɗan abin da ake ji daga gare shi a BBC bai taka kara ya karya ba. Mafita ɗaya ita ce Radio Luxembourg, tashar kasuwanci mai lasin a ƙasarta, wadda take watsa shirin Ingilishi a kan mita 208. Sai dai da dare kawai ake jin ta, tana zuwa tana ɓacewa, kuma manyan kamfanonin faifai sun saye mafi yawan lokacinta.

4.0 Tashoshin Cikin Teku

A wancan lokaci ikon Birtaniya a teku bai wuce mil 3 daga gaɓa ba. Jirgin da ya yi rajista a wata ƙasa, ya kuma jefa anga bayan wannan iyaka, dokar Birtaniya ba ta hau kansa ba. Ba a Ingila aka fara wannan dabara ba: Radio Mercur ta soma a gaɓar Denmak a 1958, Radio Veronica kuma a gaɓar Holan a 1960.

A ranar 28 ga Maris 1964 wani ɗan Ailan mai harkar makaɗa, Ronan O'Rahilly, ya buɗe Radio Caroline daga jirgin da ya tsaya daura da Felixstowe. Cikin 'yan watanni ta haɗe da abokiyar gasarta, Radio Atlanta, aka raba aikin biyu: jirgi ɗaya ya koma kusa da tsibirin Man yana ciyar da Arewacin Ingila da Ailan da wani sashe na Sikotlan, ɗayan kuma, mai suna Mi Amigo, ya zauna daura da gaɓar Essex don Landan da kewayenta. A watan Disamba na wannan shekara Radio London ta shigo da jarin attajiran Texas da salon gabatarwa irin na Amurka. Wasu kuma suka mamaye tsofaffin sansanonin ƙarfe da aka kafa a bakin kogin Thames lokacin yaƙi, kamar Radio City da Radio 390.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, da yawa daga cikin tashoshin nan na yanki ne. Radio Scotland ta fara aiki a daren ƙarshe na 1965, Radio 270 kuma ta tsaya daura da Scarborough a 1966 tana yi wa mutanen Yorkshire hidima. A nan ne ƙaramin ɗan kasuwa ya fara jin tallar shagonsa a rediyo, mai sauraro kuma ya riƙa jin sunan garinsu a cikin gaishe-gaishe. Masu sauraronsu gaba ɗaya sun kai miliyoyi.

5.0 Dokar 1967 da Abin da ya Biyo Baya

Hujjojin gwamnati ba na banza ba ne. Tashoshin suna hawa zangunan da aka ware wa wasu ƙasashe, ana fargabar su toshe kiran jiragen da ke neman agaji, kuma ana ƙorafin rashin biyan haƙƙin masu faifai. A 1965 Majalisar Turai ta tsara yarjejeniyar hana watsa shirye-shirye daga teku. Duk da haka gwamnatin Harold Wilson ta yi ta jan ƙafa, don ta san yawan masu sauraro, har sai da rikici a kan wata na'ura ya kai ga harbe mai Radio City, Reg Calvert, a watan Yunin 1966. Kotu ta sallami wanda ya yi harbin, Oliver Smedley, bisa hujjar kare kai, amma lamarin ya ba gwamnati dalilin hanzarta doka.

Dokar ba ta taɓa jiragen kai tsaye ba, tun da suna wajen ikon ƙasa. Abin da ta yi shi ne haramta wa ɗan Birtaniya yin aiki a tashoshin, ko kai musu abinci da mai, ko ba su talla. Watau an sare bishiyar ta saiwa. Ranar 14 ga Agusta 1967 Radio London ta yi sallama da ƙarfe 3 na rana, sauran ma suka rufe, sai Caroline kaɗai ta ci gaba tana samun guzuri daga Holan, har zuwa Maris 1968 da aka janye jiragenta biyu saboda bashi.

Makonni bakwai ba su cika ba, ranar 30 ga Satumba 1967, BBC ta buɗe Radio 1 don kiɗan matasa, kuma wanda ya gabatar da shirinta na farko, Tony Blackburn, tsohon ma'aikacin Caroline da Radio London ne. Ranar 8 ga Nuwamba ta buɗe Radio Leicester, ta farko a cikin ƙananan tashoshin gari guda takwas na gwaji. A nan ma matsalar kamawa ta sake ɓullowa, domin a zangon FM kaɗai aka sa su, alhali mutane ƙalilan ne suke da akwatin da ke kama shi, sai a 1972 aka fara ba su matsakaicin zango. A wannan shekara aka yi dokar da ta halatta rediyon kasuwanci, LBC ta fara aiki a Landan a Oktoban 1973.

6.0 Harshe a Matsayin Dalili

Ga mai nazarin harshe, misalin da ya fi jan hankali yana Ailan. Ko da yake harshen Airish shi ne harshen ƙasa na farko a tsarin mulki, rediyon gwamnati da ke Dublin da Ingilishi yake yin mafi yawan shirye-shiryensa, ɗan Airish ɗin da ake yi kuma bai cika taɓa rayuwar manoma da masunta na yammacin ƙasar ba, waɗanda su ne suka tashi da harshen a baki. A 1969 mutanen Connemara suka kafa ƙungiyar neman haƙƙin yankunan masu magana da harshen, kuma gidan rediyo yana cikin buƙatunsu. Da suka ga shiru, sai a lokacin bikin Ista na 1970 suka kunna ƙaramar na'ura a ƙauyen Ros Muc da sunan Saor Raidió Chonamara, watau 'yantaccen rediyon Connemara.

Tashar ba ta daɗe ba, muryarta kuma ba ta yi nisa ba, amma ta tabbatar da cewa abin mai yiwuwa ne. Ranar 2 ga Afrilu 1972 gwamnati ta buɗe Raidió na Gaeltachta, da hedkwata a Casla cikin Connemara, daga baya kuma aka samu rassa a Kerry da Donegal. Amfanin wannan tsari ga harshen babba ne, domin masu manyan karuruwan harshen guda uku, waɗanda nisa ya raba, sun samu damar jin juna kullum, kowa da lafazinsa.

Haka abin ya kasance a Landan a shekarun 1980, sai dai a wannan karo a kan rufin dogayen benaye ake ɓoye na'urorin FM. Baƙar fata 'yan asalin Karibiyan suka kafa tashoshin kiɗansu, Girkawa mazauna birnin suka kafa London Greek Radio a 1983, wadda ta samu lasin a 1989. Kiss FM, wadda ta fara a ɓoye a 1985, ta dawo da lasin a 1990.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tashoshin bayan fage ba su yi nasara a gaban doka ba, kuma masu su ba duka ne masu kishin jama'a ba, da yawa riba suke nema. Amma kowace daga cikinsu ta nuna wa hukuma wani giɓi: na matasa a 1964, na yankuna a 1966, na harshe a 1970, na baƙi mazauna birni a shekarun 1980. Wannan tarihi ya shafi Nijeriya ta fuska ɗaya, domin a kan tsarin BBC aka gina hukumar rediyonta a 1957, rediyo kuma ya zauna a hannun gwamnatoci, na tarayya da na jihohi, har zuwa Doka ta 38 ta 1992 da ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa.

Ita kuwa Caroline, ta koma teku a 1972, jirginta Mi Amigo ya nutse a 1980, ta sake dawowa da wani jirgin a 1983. A 2017 hukumar sadarwa ta Birtaniya ta ba ta lasin a kan kilohaz 648, zangon da a dā Sashen Duniya na BBC yake amfani da shi.