Tsire a Cikin Burodi: Tarihin Abincin Dare a Kudancin Kaduna

A farkon shekarar 1824 wani Bature ɗan ƙasar Sikotilan, Kyaftin Hugh Clapperton, ya sauka Kano a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin abin da ya rubuta game da kasuwar birnin har da wuraren gashin nama da ke dab da mahauta: wutar itace a fili, an kewaye ta da tsinkaye, kowane tsinke an jera masa ƙananan yanka, tsoka da kitse bi da bi. Abin da zai ba mai karatun yau mamaki shi ne, wadda ya gani tana raba wa masu saye mace ce, da faifai bisa cinyarta, su kuma suna tsugune kewaye da ita.

Shekara 200 ke nan, tsinke da wuta suna nan yadda suke, sana'ar kuwa ta koma hannun maza. Wanda ya bi titunan Narayi ko Barnawa a kudancin kogin Kaduna bayan magariba zai tarar da mai tsire da teburinsa da fitila, kusa da shi kuma mai shayi ya jera burodi. Tsakanin teburan nan biyu ake haɗa abincin da ba shi da sunan kansa, amma ya ciyar da leburori da direbobi da ɗalibai shekaru aru-aru: a tsaga burodi gida biyu, a zube nama a ciki da albasa da yaji, a danne. Mutane na yi masa kallon abincin gargajiya. Naman ne kaɗai tsohon ɗan gida. Abin da aka barbaɗa masa da abin da aka naɗe shi a ciki duk baƙi ne, kowanne kuma da hanyar da ya biyo.

A fara da garin ƙuli-ƙuli, wanda shi ne sirrin tsire. Gyaɗa asalinta Kudancin Amurka, jiragen ruwan Turawan Fotugal ne suka tsallako da ita Afirka ta Yamma tun ƙarni na 16, haka ma barkonon da ke cikin yaji daga can nahiyar ya fito. Ƙasar Hausa ta daɗe da karɓar ta, amma bunƙasarta ta zo ne da jirgin ƙasa. Layin dogo ya isa Kano a 1911, Turawa na sa ran manoma za su duƙufa ga auduga, sai manoma suka zaɓi gyaɗa, domin ko kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Daga nan aka sami dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. A cikin gidaje kuwa mata ke soya gyaɗa, su niƙa, su matse mai, abin da ya rage shi ne tunkuza, a murza ta a soya ta zama ƙuli-ƙuli. Saura ne, wato, na wata sana'ar. Mahauci ya daka shi da citta da barkono da kanumfari, ya fere nama siriri, ya birkima shi a ciki, ya shafa mai, ya kafa tsinke a gefen wuta. Garin yana tare romon naman kada ya tsiyaye, yana kuma ƙara wa yanka kauri a idon mai saye, abin da kowane mahauci ya sani ko bai faɗa ba.

Burodi ya fi ƙuli-ƙuli baƙunta nesa ba kusa ba. Alkama kam Hausawa sun san ta tun da, ana noma ta a fadamu da rani, ana yin alkaki da taliya da ita, Larabawan da suka zauna Kano kuma suka kawo gurasa. Har gobe a Kano ana cin gurasa da tsire, ko a yi bandashe da ƙuli-ƙuli da mai, wannan shi ne kakan abin da ake ci a Narayi. Amma burodin gwangwani mai laushi daga gaɓar teku ya hauro. A Legas ana tunawa da Amos Shackleford, mutumin Jamaika da ya zo aikin jirgin ƙasa sannan ya koma gashin burodi a farkon ƙarni na 20. Kamfanin Flour Mills of Nigeria, wanda aka kafa a 1960, ya fara niƙa alkamar waje a Apapa a 1962, kuɗin man fetur na shekarun 1970 kuma suka mai da burodi abincin talaka, tun da Naira na da ƙarfi, fulawa na da araha.

Me ya sa kudancin Kaduna ya zama matattarar irin wannan ci? Amsar tana Kakuri. Kaduna birni ne da Turawa suka zana, suka dawo da hedikwatar Arewa cikinsa daga Zungeru a 1917, a kan ƙasar da Gbagyi ke noma. Ofisoshi da gidajen manya suna arewacin kogi, mahaɗar jirgin ƙasa tana kudu, don haka a kudu masana'antu suka tsiro. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, matatar mai a 1980. Masaƙun dare da rana suke aiki, rukuni na sauka rukuni na hawa. Mafi yawan ma'aikatan samari ne daga kudancin lardin Zariya da Filato da Binuwai, gwagware masu zaman ɗakin haya a Makera da Nasarawa da Kakuri, daga baya garin ya faɗaɗa ya haɗiye ƙauyuka irin su Narayi. Wanda ya tashi aiki da tsakar dare ba zai hura wuta ya tuƙa tuwo ba. Abin da yake nema shi ne wanda za a ci a tsaye, ba kwano ba cokali, ya kuma riƙe ciki har safe.

Wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, sun yi nazarin masaƙun nan, sun kuma fitar da littafi a 1985 mai suna The Wheat Trap, wato tarkon alkama. Hujjarsu ita ce ƙasa ta koya wa mutanenta cin abin da ba ta iya noma wadatarsa. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, aka dogara ga noman rani a wurare irin su Kadawa, bai wadatar ba, aka janye hanin a 1992.

Akwai wani abinci a can tsakiyar Amurka da tarihinsa ya yi kama da wannan ƙwarai, kwatanta su kuma yana haska abin da ido ya saba da shi har ya daina gani. A jihohin Indiyana da Ayowa kusan kowane ƙaramin gari yana da gidan abincin da ke alfahari da soyayyen naman alade a cikin burodi. Ana yanko tsokar gadon baya, a bubbuge ta har ta yi faɗi kamar faifai, a tsoma a madara da ƙwai, a birkima a garin busasshen burodi ko biskit, a soya cikin mai, sannan a ɗora a ƙaramin burodin da naman ya fi shi faɗi ninki biyu. Galibi ana danganta farkonsa ga Nick Freienstein, ɗan baƙin Jamusawa a garin Huntington, wanda ya fara sayarwa a amalanke a 1904, ya buɗe shago a 1908. Dabarar ta Biyana ce, inda ake yi da naman maraƙi. A ƙasar masara da aladu sai aka yi da abin da ke da araha. Tun 2003 ƙungiyar masu kiwon alade ta Ayowa ke shirya gasa kowace shekara don zaɓen gidan da ya fi gwaninta, mutane kuma kan yi tafiyar sa'o'i a mota don su ɗanɗana su yanke hukunci.

Ma'aunin da suke amfani da shi mai tsire zai gane shi nan take. Kada a bugi naman har ya zama takarda, kada garin ya fi naman yawa, kada ya rabu da tsoka in an gatsa, kada mai ya jiƙa burodin. A Kaduna ba a rubuta waɗannan sharuɗɗa, ba a ba da kofi, amma layin da ke gaban tebur ɗaya alhali na kusa da shi fayau ya isa hukunci. Kuma in gaskiya za a faɗa, ƙuli-ƙuli ya fi garin biskit daraja a matsayin sutura ga nama, domin shi yana da ɗanɗanon kansa.

Batun alade kuwa a Narayi ba labarin nesa ba ne. Kudancin jihar Kaduna na cikin manyan wuraren kiwonsa a Najeriya, kasuwar Katsit kusa da Kafanchan tana ci duk Alhamis, 'yan kasuwa daga kudancin ƙasar suna loda motoci. A unguwannin kudancin kogi, inda Kirista suka fi yawa, akwai wuraren da ake gasa shi ana sayarwa. Sai dai teburinsa daban, wuƙarsa daban, kowa kuma ya san wanne ne wanne. Wannan iyaka tsohuwa ce, ba a kuma cika samun saɓani a kanta ba. Iyakar da ta yi ciwo ita ce wadda rikicin shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau ta duniya na Nuwamban 2002 suka shata, lokacin da dubban iyalai suka kwashe kaya, Musulmi suka yi arewa, Kirista suka yi kudu, kogin ya zama katanga. A daidai wannan lokaci masaƙun suka fara mutuwa: KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Wurin da Bahaushe da Bajju da Tibi ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a gaban inji ɗaya ya tafi. Abin da ya rage na cuɗanyar yau da kullum shi ne ciniki, kuma Kiristan Narayi da ke neman tsire mai kyau har yanzu wurin Bahaushe yakan nufa, ya kira shi Malam, su yi ciniki da Hausa.

Yanzu abin da ke matsa wa teburin lamba kuɗi ne. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya ɗaga farashin alkama a duniya, cire tallafin fetur da sakin Naira a 2023 suka ƙara wa fulawa da jigilar shanu tsada, satar shanu da garkuwa da mutane a dazuzzukan Birnin Gwari da Chikun kuma sun daɗe suna takura makiyaya. Burodi ya ƙanƙance, yankan kan tsinke ya sirance. Da yawa cikin waɗanda a da suke tsaga burodi su zuba tsire, yau awara suke sa masa, ta waken suya, wadda mata ke soyawa a bakin titi suna barbaɗa mata yaji.