Tsayuwa da Zama a Filin Ƙwallo

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon ƙwallon ƙafa ya san wannan kira: "Malam, zauna mana, ka tare mu!" Ana jinsa a babban filin wasa, ana jinsa a bakin filin ƙauye, ana jinsa a gidan kallo. Na gaba ya miƙe saboda zumuɗi, na baya ya husata domin an hana shi gani, kowannensu kuwa yana ganin shi ne mai gaskiya. Maganar kamar ƙarama ce, amma tarihinta ya haura shekara ɗari. An kafa dokoki a kanta, rayuka da yawa kuma sun salwanta kafin a gane bakin zarenta. Za mu bi sawunta daga ƙauyukan Hausawa na ƙasar Sudan, mu ƙetare teku zuwa Ingila, sa'an nan mu komo Afirka.

Da'irar ƙauye

Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu a hannun sojojin Ingila, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas tare da sauran jama'a. Wajen 1906 suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, garin da suka kafa kuwa har yau Mai Wurno ake ce da shi. Tun kafin zuwansu alhazai daga ƙasar Hausa suna ratsa Sudan a ƙafa, waɗansu guzuri ya ƙare musu, suka zauna. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban gandun auduga na Jazira tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, sai ƙwadago ya ƙara jawo mutane. Hausawa da yawa suka shiga noma da ɗibar auduga, suka kafa ƙauyuka da unguwanni, suka riƙe harshensu da al'adunsu.

Cikin al'adun ƙasar Hausa akwai wata wadda ba a cika ambatonta ba, wato tsarin da'irar kallo. A fagen kokawa ko dambe ba kujera, ba tikiti mai lamba, duk da haka kowa yana gani. Yara sukan zauna a ƙasa a gaba. Dattawa suna bisa tabarma. Bayansu masu tsugune, bayan waɗannan kuma samari a tsaye, waɗansu ma a kan katanga ko reshen itace. Akan sa wani mai tsumagiya yana zagayawa, in da'ira ta matso ya mayar da ita baya. Ba wanda ya rubuta ƙa'idar, amma kowa ya san ta: gajere a gaba, dogo a baya, mai son tsayuwa ya koma inda tsayuwarsa ba za ta tare kowa ba.

Filin ƙwallo na ƙauye, a Jazira ne ko a Katsina, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, mutane suna jeruwa a bakin layi. Sai dai ƙwallo ta bambanta da kokawa. 'Yan kokawa suna tsakiya, ido duka a wuri guda. Filin ƙwallo kuwa dogo ne, in ƙwallo ta tafi can kusurwa sai na bakin layi ya leƙa, na kusa da shi ya ƙara taku ɗaya, kafin a ankara layi ya shige cikin fili. Wasan da kansa yana tsokanar mutum ya miƙe. Saboda haka tun farko ƙwallo ta nemi tsari wanda ya fi na tsumagiya.

Matakalan talakawa da rumfar manya

Sojojin Ingila da makarantun gwamnati, musamman Kwalejin Gordon da aka buɗe a Hartum a 1902, su ne suka yaɗa ƙwallo a Sudan. An kafa hukumar ƙwallo ta ƙasar a 1936. Manyan ƙungiyoyi biyu na Umdurman, wato Al-Hilal da Al-Merrikh, suka raba zukatan jama'a har ƙauyuka. A watan Fabrairu 1957 aka kafa hukumar ƙwallon Afirka a Hartum, a nan kuma aka buga gasar cin kofin Afirka ta fari, tsakanin Sudan da Masar da Habasha. Masar ta ci Habasha 4 da 0 ta ɗauki kofi. A 1970 gasar ta komo Sudan, aka raba wasannin tsakanin Hartum da Wad Madani, babban birnin Jazira, inda Hausawan yankin suke cin kasuwa. A Wad Madani ne Gana da Masar da Gini da Kongo Kinshasa suka kara. A ƙarshe Sudan ta ci Gana 1 da 0 a Hartum, kofin ya zauna gida.

Filayen da aka gina domin irin waɗannan wasanni sun kawo dabara mai kyau, wato matakalan siminti masu hawa hawa, yadda kowane layi ya ɗara na gabansa tsawo. Mutanen Sudan suna kiransu masatib, nan ne wurin talakawa, tikitinsa ya fi araha, rana tana dukan kowa. A gefe guda kuma akwai maƙsura, rumfa mai inuwa da kujeru domin manyan baƙi da masu hali. Da haka kujera ta zama alamar matsayi. A da'irar ƙauye tsawon mutum da shekarunsa suke nuna masa wurinsa, a filin birni kuwa aljihunsa ne.

Gasar 1957 ta tuna mana da wani rabo da ya fi wannan muni. Afirka ta Kudu tana cikin ƙasashen da suka kafa hukumar, amma ba ta buga ba, gama ta ƙi kawo ƙungiyar da ta haɗa baƙaƙe da fararen fata. A filayenta na lokacin, har 'yan kallo an ware su bisa ga launi. Ashe raba wurin kallo iri biyu ne. Akwai rabon da ake yi domin kowa ya gani, akwai kuma wanda ake yi domin a nuna wani ya fi wani. Masu karanta wasiƙar Yakubu sun san yadda ta tsauta wa masu ba mai dukiya wurin zama mai kyau su bar matalauci a tsaye.

Abin da ya faru a Ingila

A ƙasar da ƙwallo ta fito, yawancin 'yan kallo a tsaye suke tun farko. Dalili a fili yake: mai tsayuwa ba ya cin wuri kamar mai zama, saboda haka fili yakan ɗauki mutane da yawa, tikiti kuma ya yi sauƙi ga ma'aikacin masana'anta. A Liverpool an gina wata tsayuwa a 1906, aka sa mata suna Kop, sunan wani tudu da aka yi yaƙi a kansa a Afirka ta Kudu a 1900. Akwai lokacin da take ɗaukar mutum wajen 28,000, suna waƙa da murya ɗaya, suna tangaɗi gaba da baya kamar gero a iska.

Amma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A 1902 matakalan katako suka rufta a filin Ibrox na Glasgow, mutum 25 suka mutu. A 1946 mutum 33 suka mutu cikin turmutsitsi a Bolton. A 1971 waɗansu 66 suka mutu a kan matakalar fita, a Ibrox ɗin dai. Sa'an nan ran 15 ga Afrilu 1989, a filin Hillsborough na Sheffield, Liverpool tana karawa da Nottingham Forest, kallo ya koma sama. Jama'a sun cunkushe a waje, 'yan sanda suka ba da umarni a buɗe wata babbar ƙofa, mutane suka kwarara ta wata hanya guda zuwa wurin tsayuwa wanda ya riga ya cika. Wurin kuwa a kewaye yake da shingen ƙarfe kamar garke, ba hanyar tsira. Mutum 96 suka rasu, wani kuma ya cika a 2021 saboda raunin da ya samu ran nan, jimilla 97.

Alƙali Taylor, wanda aka ɗora wa bincike, ya ce babban sanadin masifar shi ne gazawar 'yan sanda wajen sarrafa taron. Bai ɗora laifin a kan tsayuwa kanta ba. Duk da haka, a rahotonsa na ƙarshe a Janairu 1990, ya ba da shawara a mai da manyan filaye na kujeru zalla. Gwamnati ta karɓa, aka ba ƙungiyoyin rukuni biyu na sama wa'adi zuwa Agusta 1994. A shekarar nan aka rushe tsohuwar Kop. Iyalan mamatan kuwa sun yi ta fama har 2016, sa'ad da wani sabon bincike na shari'a ya tabbatar cewa magoya baya ba su da laifi.

Kujera ta kawo sabuwar rigima

Filaye suka yi tsabta, haɗari ya ragu, amma kuɗin tikiti ya yi ta hawa, talakawa da samari da yawa suka koma kallo a talabijin. Waɗanda suka saba da tsayuwa kuma ba su daina ba. Suka sayi tikitin kujera, suka tsaya a gabanta daga farkon wasa har ƙarshe.

A nan ne rashin adalcin ya bayyana sosai, ya kamata kuma mu lura da yadda yake aukuwa. In mutum ɗaya ya miƙe a layin gaba, na bayansa ba shi da zaɓi, sai ya miƙe. Na bayan wannan ma haka, har zuwa layin ƙarshe. Bayan kowa ya miƙe, ba wanda ganinsa ya ƙaru a kan na dā. Amma akwai waɗanda suka yi hasara: yaro, da gajere, da tsoho mai ciwon gwiwa, da mace mai ciki, da gurgu a kekensa. Sun biya kuɗi daidai da kowa, abin da suke gani kuwa bayan riguna ne. A ɗaya gefen, mai son tsayuwa shi ma yana da tasa hujja. Ya zo ne ya yi waƙa, ya ƙarfafa ƙungiyarsa, dokar kuwa ba ta bar masa ko kusurwa ɗaya ba. Laifin tsarin shi ne ya cusa mutane masu bukata biyu a layi ɗaya, ya bar su suna zagin juna.

Jamus ba ta bi wannan hanya a wasanninta na gida ba. A Dortmund akwai tsayuwar da take ɗaukar mutum kusan 25,000. Daga can aka koyi wata dabara: kowane layi da dogon ƙarfe a gabansa wanda zai hana tura, kowane mutum da lambar wurinsa. Ƙungiyar Celtic ta Glasgow ta fara amfani da ita a 2016. A Janairu 2022 Ingila ta fara gwaji a filaye kaɗan, daga kakar wasa ta 2022 zuwa 2023 kuma aka ba da izini ga ƙungiyoyin da suka cika sharuɗɗa. Bayan shekara kusan talatin ana jayayya, sun iso ga abin da mai tsumagiya ya sani a fagen kokawa: masu tsayuwa da wurinsu, masu zama da nasu.

Darasi daga Afirka

Kada mu ɗauka kujera ita kaɗai tana tsare rai. Ran 11 ga Afrilu 2001, a filin Ellis Park na Johannesburg, fili mai kujeru, mutum 43 suka mutu a wasan Kaizer Chiefs da Orlando Pirates, domin jama'ar da ta shiga ta fi ƙarfin wurin. Ran 9 ga Mayu na shekarar, a Akara, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, waɗansu 'yan kallo suka ɓalle kujeru suna jifa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe. Fiye da mutum 120 suka halaka. Abin da yake tsare rai shi ne ƙidaya masu shiga, da buɗaɗɗun ƙofofi, da masu tsaro masu hankali. Abin da yake tsare adalci shi ne a san wanda yake bayanka.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023 ya kai Wad Madani a Disamba na shekarar, ya watsa mutanen Jazira da yankin Sinnar, har da Hausawa. Al-Hilal da Al-Merrikh suka yi ƙaura, suka buga kakar 2024 zuwa 2025 a gasar ƙasar Muritaniya, nesa da matakalan da magoya bayansu suka saba cikawa. Ran da aka soma gyaran filayen Jazira sosai, masu ginin za su sake fuskantar tsohuwar tambayar: ina mai tsayuwa, ina mai zama, nawa talaka zai biya?

Mu ma tambayar tana gabanmu, ko da filinmu na makaranta ne, ko gidan kallo mai benci goma. Masu shirya wasa su ja igiya taku kaɗan daga layi, su zaunar da yara a gaba, su ajiye benci domin tsofaffi da naƙasassu a inda ba mai wucewa ta gabansu, su bar bayan raga ko layin baya ga samari masu ganga da waƙa. Kada a sayar da tikiti fiye da abin da wurin zai ɗauka, kada kuma a kulle ƙofa mutane suna ciki. In an jefa ƙwallo a raga kowa ya yi tsalle, ba mai hana wannan, gama murnar ta kowa ce. Amma in an mayar da ƙwallo tsakiya, ya ɗan'uwa mai tsawo, waiwaya ka dubi wanda yake bayanka, ka zauna.