Riƙau

Daga aikatau riƙe kalmar ta fito, aka liƙa mata ɗafa-ƙeyar -au, wadda Bahaushe ke laƙaba wa mutum halin da ya zame masa jiki da ita. Mai yawan mantuwa mantau ne, wanda kullum sai an watse yake isowa makarau. Riƙau kuwa in ya damƙi abu ba ya saki. Duk sunayen nan da zolaya a cikinsu. A siyasa kuwa, waɗanda ake kira masu ra'ayin riƙau wasu 'yan jarida kan ce musu masu ra'ayin mazan jiya. Ni dai na fi son riƙau, don ya fi nuna taurin kan.

A Amurka 'yan Republican ake kira haka, kuma a zaɓen fidda gwani ma ƙoƙari suke su fi juna riƙo. A Texas a 2024, David Covey ya nemi ƙwace kujerar Dade Phelan, kakakin majalisar wakilan jihar a lokacin, yana zarginsa da sassauta wa 'yan Democrat har da ba su shugabancin kwamitoci. Sai a zagaye na biyu Phelan ya sha da ƙyar, da ratar da ba ta kai ƙuri'a 400 ba.