Birnin Kabi Daga Ganuwa Zuwa Gesse

Manufar wannan maƙala ita ce a ɗan waiwayi tarihin Birnin Kabi domin a ga asalin wasu gardandamin da ake yi a cikinsa game da wanda ke da gari da wanda ya zo cin arziki. Mai karatu zai lura mun rubuta Kabi, ba Kebbi ba. Kabi shi ne abin da ke bakin mutanen ƙasar. Kebbi kuwa rubutun Turawa ne da ya zauna a takardun hukuma har ya zama sunan jiha.

Daular Kabi ta kafu ne a hannun Muhammadu Kanta a farkon ƙarni na 16, fadarta kuwa tana Surame, inda har yanzu ake ganin kufan ganuwarta ta duwatsu. Sai a farkon ƙarni na 18 Sarkin Kabi Tomo ya taso da sarauta zuwa wannan tudu da ke kallon fadamar Gulbin Kabi. Zaɓen wurin ba na banza ba ne. Wanda ya riƙe tudun ya riƙe mashigin ruwa da shinkafar fadama da kifin gulbi, ya kuma tare hanyar fatake masu zuwa Gwanja neman goro.

Kabawa ba su cika shekara ɗari da 'yan kai a birnin ba sai jihadi ya taso. A shekarar 1805 rundunar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, Sarki Muhammadu Hodi ya fita. Waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka yi ta gwagwarmaya har suka tsaya a Argungu, kimanin kilomita 50 arewa maso gabas. Karari ya rasa ransa a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya sake ɗaga tuta a 1849, daga nan kuma aka shiga zaman gaba tsakanin Argungu da Gwandu wanda, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga, bai lafa ba sai da Turawa suka zo. A nan ne ƙullin yake. Birnin yana ɗauke da sunan Kabawa, amma sarautarsu tana wani gari. Ita ma sarautar Sarkin Kabi ta rarrabu: akwai na Argungu, wanda ya gaji Kanta, akwai kuma na Yabo da na Jega, waɗanda suka samo sunan daga ɓangaren masu jihadi.

Turawa suka ƙara wa ƙullin tauri. Bayan yaƙin Satiru na 1906 sun tuɓe Sarkin Gwandu, suka naɗa Haliru, aka dawo da fadar masarautar Birnin Kabi kusa da ofishin Di'o. Ta haka tsohon birnin Kabawa ya zama mazaunin zuriyar wanda ya ci shi da yaƙi. Ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda daga gare ta ake lissafin bikin kamun kifi na Matan Fada, ta kashe wutar gaba tsakanin sarakuna. Tsakanin talakawa kuwa maganar ta koma raha da zolaya, irin wadda kowa ke dariya amma kowa ya san inda aka dosa.

Tun daga lokacin har zuwa ƙarshen shekarun 1980 Birnin Kabi gari ne mai fada da kasuwa da asibiti da 'yan makarantu. Duk abin da ya girma sai an je Sakkwato. Mutum na iya zagaya Shiyar Fada da Takalau da Makerar Gandu da Nassarawa a wuni guda, kuma da wuya ya haɗu da wanda ba a san gidansu ba. Mai neman fili yakan bi ta hannun mai unguwa zuwa hakimi, a shaida masa iyaka a gaban dattawa.

Ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanki Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, ta haɗa masarautu huɗu, wato Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, ta sa hedikwata a Birnin Kabi. A ganina rabon ya yi kama da na dattawan da ke son kowa ya tashi da wani abu: suna ya tafi ga Kabawa, mazauni ya tafi ga Gwandu. Sai dai garin bai shirya wa abin da ya biyo baya ba. Ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato da iyalansu da kayansu, ba ofisoshi isassu, ba gidaje. Kuɗin haya ya tashi. Wasu suka bar iyali a Sakkwato suna zuwa aiki ranar Litinin su koma Juma'a. Daga wannan matsi ne aka sami rukunan gidajen gwamnati irin na Gesse, kashi na ɗaya da na biyu, sannan gari ya miƙe wajen Badariya da Bayan Kara da Gwadangwaji, ya doshi Kalgo, inda jami'ar tarayya da aka kafa a 2013 take, da Ambursa, inda filin jirgin sama yake.

Zaman Gesse ya saɓa da na cikin gari ta hanyar da ta fi gini zurfi. A cikin gari zaure ne ke haɗa gida da unguwa, maƙwabci kuma ɗan'uwa ne ko suruki. A rukunin gidaje lamba ce ke haɗa mutane: Bazuru yana jingine da Bayawuri, Bakabe yana fuskantar Bafillace, kowa da katangarsa da ƙofar ƙarfe. Amma Bahaushe bai daɗe yana bin tsarin mai zane ba. Aka ƙara ɗakuna, aka huda katanga aka fitar da shago, aka gina masallacin unguwa, aka shimfiɗa tabarma ƙofar gida bayan la'asar. Majalisar nan ta ƙofar gida ita ce ta maye gurbin zaure, kuma a nan ake tattauna batun famfo da ba ya kawo ruwa, da kuɗin da 'yan garuwa ke karɓa, da lambatun da ke toshewa da damina, da 'yan kabu-kabu masu gudu a tsakiyar yara.

Gardamar da ta fi kowace zafi ita ce ta ƙasa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, diyyar da ta tanada kuma ta abin da ke kan fili ce, amfanin gona ko itace ko gini, ba ta ƙasar kanta ba. Saboda haka manomin da gari ya cim ma gonarsa yakan ga an biya shi kuɗin gero da 'yan itatuwa, daga baya fulotin da aka yanka a wurin ya yi tsadar da shi kansa ba zai iya saya ba. Ma'aikaci kuwa cewa yake da takardar hukuma ya shiga, bai ƙwaci na kowa ba. Duka biyun gaskiya suke faɗi, shi ya sa maganar ba ta mutuwa.

Ta gefen gulbi garin ba shi da wurin faɗaɗa, domin fadama ba ta karɓar gini. Ambaliyar 2010 da ta 2020 sun tuna wa kowa haka. Kuma tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kabi a 2015, masana'antun casa suka tashi a nan da Argungu, fadamar ta ƙara daraja. Mazauna Gesse da dama, waɗanda albashi ya kawo su garin, suka shiga neman aron gona ko jinginarta a hannun jikokin mutanen da aka yanka wa gonakin tudu.