Sarkin Hausawa a Gabas: Sarautar da Bashin Shanu Ya Haifa

A watan Oktoban 2023 gwamnan Abiya, Alex Otti, ya ce za a katange kasuwar shanu ta Lokpanta, wadda ke kan babbar hanyar Inugu zuwa Fatakwal, a kuma daina kwana a cikinta, bisa zargin ta zama maɓoyar masu garkuwa da mutane. Cikin waɗanda aka ce su tattara nasu-ya-nasu har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Da hayaniya ta kaure, shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa ne suka yi ta kai-kawo tsakanin jama'a da gidan gwamnati. Haka abin yake a Anacha, haka a Fatakwal, haka a Inugu: in ta ɓaci, Sarkin Hausawa ake nema. To, wa ya ɗora masa wannan nauyi tun farko?

Farkon zuwan mutanenmu ƙasar Ibo da bakin teku labari ne na baka, kowane zango da nasa. Akwai maharban giwa da suka yada zango a Elele, ƙasar Ikwerre, a ƙarshen ƙarni na 19. Akwai Nufawa da Hausawa da suka biyo kogin Kwara zuwa Anacha zamanin kamfanin Royal Niger, da fataken dawakai da ke shiga yankin Nsukka ta ƙasar Igala, da sojojin da Turawa suka zo da su yaƙin Aro na 1901 zuwa 1902. Duk waɗannan tsiraru ne.

Gawayin kwal ne ya buɗe ƙofa. An gano shi a tsaunukan Udi a 1909, aka kafa Fatakwal a 1913 don a sami tashar fitar da shi, layin dogo ya haɗa ta da Inugu a 1916. Daga baya layin ya miƙe arewa ya haɗe da na Kaduna ta Kafanchan a 1927, aka buɗe gadar Makurdi a 1932. Dubban leburori da akawuna sun taru a sababbin garuruwa suna neman nama, ga shi ƙudan tsando ba ya barin manyan shanu su yi ƙarko a kurmi. Sai kara, wato kasuwar shanu, ta kafu, zango ya kafu a gefenta.

Masu bayani sun kasu. Wasu na cewa Bature ne ya ƙirƙiro sarautar, tunda ya saba naɗa wa mutanen Gabas sarakunan takarda, kuma yana son wanda zai tara masa haraji ya riƙe masa baƙi. Wasu kuma na cewa daga masallaci ta fito, wai duk inda Musulmi suka taru sai sun yi liman da shugaba. Kowanne da ƙanshin gaskiya, amma ni ban gamsu ba. Sarakunan takardar da Bature ya naɗa wa Ibo ai boren matan Aba na 1929 ya girgiza su har aka soke tsarin, Sarkin Hausawa kuwa yana nan, ya ga tafiyar Bature, ya ga yaƙi, ya ga soja. Abin da ya riƙe shi bashi ne.

Dubi yadda cinikin yake. Falke ya taso daga Sakkwato ko Adamawa da garke, bai san kowa ba, ba ya jin yaren gari. Ya sauka gidan maigida, a ba shi ɗaki da tuwo, a ajiye masa kuɗinsa. Da safe dillalan maigida su shiga kara, mahauci ya shafa tozon sa, a ja ciniki, a ce "Allah ya ba da sa'a," a kora. Sau da yawa ko sisi bai biya ba, sai ya yanka ya sayar tukuna. Ba takarda, ba sa hannu. Maigida ne ya tsaya lamuni, in mahauci ya gudu shi zai biya, ladarsa ita ce la'ada da sunan da ya yi. Irin wannan harka ba ta yiwuwa sai da wani babba da zai raba gardama kafin la'asar, wanda kuma in ya ce kada a ƙara ba wane bashi, an rufe masa kara ke nan. Wannan babban, galibi mafi ƙarfin masu gida, shi ya zama sarki. Bature ya tarar da shi ne, ya buga masa hatimi. Masani Abner Cohen ya nuna haka dalla-dalla game da unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, kuma sana'ar ɗaya ce ko a Yamma ko a Gabas.

Daga wannan kara ne Malam Umaru Altine ya fito, Bafulatanin Sifawa ta ƙasar Sakkwato, mai fataucin shanu, wanda ya auri 'yar ƙabilar Ibo. Ya shiga jam'iyyar NCNC ta Azikiwe har ya shugabanci reshen matasanta na Inugu. Rubuce-rubucen intanet sukan ce ya zama magajin gari a 1952, alhali sai 1956 Inugu ta sami matsayin birni mai magajin gari, shi ne kuma na farko, ya riƙe zuwa 1958. Yau ana yawan ɗauko labarinsa don a nuna karamcin Ibo, kamar sadaka aka ba shi. Siyasa ce tsagwaronta. Lokacin ana takun-saƙa tsakanin 'yan ƙasa na Udi da Ibon da suka zo daga sassan Anacha da Owerri, shi kuma yana da jam'iyya, yana da jama'a, yana cikin rigimar gari tsundum. Bai tsaya a bakin zango yana jiran a kira shi ba.

Shekarar 1966 ta yanke wannan hanya. Bayan kashe-kashen da aka yi wa Ibo a Arewa, gwamnan soja na Gabas, Ojukwu, ya umarci waɗanda ba 'yan Gabas ba su fice, zanguna suka zama kufai. A Inugun da Altine ya shugabanta aka ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu, 1967. Da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970 fatake suka dawo, yanzu a tirela, da albasa da tumatir da wake da canjin kuɗi ban da shanu. Sarauta ta farfaɗo nan da nan, don kasuwa na buƙatarta. Kujerar majalisar gari ce ba ta dawo ba. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da takardar shaidar ɗan asalin gari sun mayar da jikan falken da aka haifa a Asata ta Inugu ko Diobu ta Fatakwal baƙo na dindindin, kamar yadda muka mayar da jikan Ibo a Sabon Garin Kano. A wannan babu mai yi wa wani gori.

Don haka aikin hukuma ya taru a zauren mutumin da ba shi da kasafi. Shi ke belin ɗan acaɓa a caji ofis, shi ke neman filin maƙabarta, shi ke haɗa kuɗin motar marar lafiya zuwa gida, shi ke tsayawa shaidar sabon zuwa. A Fabrairun 2006, da aka yi ramuwar gayyar rikicin Maiduguri a Anacha, aka ƙona masallatai, mutane suka fake a barikin soja, wasu suka tsallaka gada zuwa Asaba, irin waɗannan shugabanni ne suka bi sawun wanda ya ɓata da wanda ya rasu. Abin da gwamnoni kan bayar a madadin haka shi ne buhunan shinkafar salla da muƙamin mai ba da shawara kan harkokin baƙi, wanda ke ƙarewa ranar da gwamna ya sauka. Su kuwa 'yan zango, da yawansu har yau katin zaɓensu na Kano ne ko Katsina, ana gobe zaɓe sai ka ga tashar mota ta cika maƙil.