Godiya a Kan Fallen Kwano: Tarihin Zanen Cika Alkawari a Meziko

A garin San Juan de los Lagos da ke jihar Jalisco ta Meziko, akwai wani ɗaki a jikin babbar majami'a da kusan ba a ganin bangonsa. Hotuna ne birjik, da sandunan guragu, da kitson gashi, da rigunan jarirai, da takardun gama makaranta. A tsakaninsu ake samun 'yan fallayen kwano masu zane, wasu tsatsa ta soma cin gefensu. Kowanne godiya ce da wani ya tako da ƙafarsa ya kawo.

Mutanen can suna kiran irin wannan zane exvoto, ko retablo. Kalmar farko daga Latin take, tana nufin abin da aka kawo don cika alkawari. Mutum ne zai shiga tsaka mai wuya, ya yi addu'a, ya ɗau alkawari cewa in ya kuɓuta zai shaida wa duniya. In ya tsira, bashi ya hau kansa ke nan.

'Yan Katolika na Sifaniya ne suka zo da al'adar bayan sun ci ƙasar a 1521. Da fari harka ce ta masu hannu da shuni, waɗanda ke iya biyan ƙwararren mai zane ya yi musu a kan ƙyalle ko jan ƙarfe. A ƙarni na 19 ne ta sauko wurin talaka, lokacin da fallen kwano ya yi araha. Sai a yanka shi kamar faɗin littafin makaranta, a huda sama don rataya, a samu fentin mai da ɗan buroshi. Manomi ko mai wanki ta je wurin mai zanen unguwa ta ba shi labari, shi kuma ya zana.

Tsarin ba ya cika sauyawa. A sama, cikin gajimare, ana sa siffar Almasihu, ko Budurwa Maryamu, ko tsarkakan da aka roƙi Allah ta wurinsu. A ƙasa akwai 'yan layukan rubutu: sunan mai godiya, garinsu, ranar da abin ya faru, sau da yawa da kurakuran rubutu, domin mai zanen ma bai yi nisa a makaranta ba. Tsakiya kuwa, nan ne abin da ke kama zuciya. Ba a cika zana ranar murna ba, lokacin tashin hankalin ake zanawa: bijimi ya ɗaga yaro da ƙaho, doki ya kayar da mahayinsa a bakin kwazazzabo, mace kwance tana naƙuda uwarta a durƙushe gefen gado. Mai godiyar bai yarda a manta da ramin da aka fito da shi ba, kuma a nan gaskiyar wannan sana'a take.

Galibin masu zanen ba su sa sunansu ba. Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da aka sani shi ne Hermenegildo Bustos, mutumin Purísima del Rincón a jihar Guanajuato, wanda aka haifa a 1832 ya rasu a 1907. Bai yi makarantar zane ba, har sayar da ƙanƙara mai zaƙi yana yi, amma yana fito da fuskar maƙwabtansa tamkar za su yi magana.

Wanda ya jera fallayen bisa shekaru zai karanta tarihin talakawan ƙasar. A Plateros ta jihar Zacatecas, yankin haƙar azurfa, rami ne da ya rufta da kuma ƙofar kurkuku ake gani a zanen. Juyin juya halin 1910 ya kawo sojoji da bindigogi cikin zanen. Daga baya jirgin ƙasa ya shigo, sai mota, sai gadon tiyata. Can kuma sai kogin iyaka da hamada, wato 'yan ci-rani masu tsallakawa Amurka, waɗanda masana biyu, Jorge Durand da Douglas Massey, suka rubuta littafi a kan zanensu a 1995.

Mai zanen nan Frida Kahlo, wadda haɗarin bas na 1925 ya bar ta da ciwo har ƙarshen ranta, ta tara fiye da 400 daga cikin irin waɗannan fallayen tare da mijinta Diego Rivera. Suna nan a shuɗin gidanta na Coyoacán. Da ta yi ɓari a Detroit a 1932, a kan fallen ƙarfe ta zana kanta kwance a gadon asibiti, sai dai babu mai ceto a cikin gajimare.

Shahara ta zo da nata ciwon. Masu tara kayan tarihi suka sa wa fallayen farashi, aka riƙa kwashe su daga bangon majami'u, wasu ta hanyar saye, wasu ta ɓarauniyar hanya. Abin takaici ne a ga godiyar wata uwa a kan lafiyar ɗanta ta zama kayan ado a falon wanda ko sunanta bai karanta ba. A 2019 hukumomin Italiya suka mayar wa Meziko guda 594 da aka fitar ba bisa ƙa'ida ba.

Kyamara ta rage wa masu zanen ciniki tun a ƙarni na 20, ko da yake akwai 'yan kaɗan da ke riƙe da sana'ar. Amma ɗakin San Juan de los Lagos bai daina cika ba. Duk farkon Fabrairu, lokacin idin Candelaria, ayarin masu ziyara na isowa bayan tafiyar kwanaki a ƙasa. Wani hoton asibiti ya riƙo, wata kwafin takardar izinin zama a Amurka, wani kuma zanen da ya yi da kansa a kan kwali da fensir mai launi. Sai su rubuta suna da kwanan wata a ƙasa, su nemi ɗan gurbi a bango su maƙala.