Gumin gwaggona da layin da aka ja a Faris

Makon jiya na je gida Matsinkai sunan ɗan ƙanena. Da yamma bayan an watse, na tarar da gwaggona a bayan gida tana juye gumi daga tukunya tana shanyawa. Sana'arta ke nan tun kafin a haife ni: ta sayi shanshera, ta jiƙa ta kwana, ta turara, ta shanya, a kai inji a cashe, ranar kasuwa ta auna da kwano. Na ce, "Gwaggo, yaya kasuwa?" Sai ta ce, "Ɗana, sa'ad da anka rufe boda an ce mu za mu ci riba, ban gani ba. Yanzu kuma an ce 'yar waje ta shigo, shinkafa ta faɗi. To mi za ni ce maka?"

Tun daga ranar maganar nan take yi mini yawo a kai, shi ya sa na ce bari in rubuta, ko da zai yi tsawo. Ku yi haƙuri da ni.

Abin da yaranmu da yawa ba su sani ba shi ne, bodar nan da muke magana a kanta kamar Allah ne Ya halicce ta tare da kogin Kwara, ba ta kai shekara 130 ba. Kafin ta, yankinmu hanyar fatake ce. Ayarin jakuna kan taso daga Kano da Sakkwato da Jega ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare kogi a wajajen Illo ko Gaya, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Jugu har Salaga a ƙasar Gwanja, su dawo da goro. Ba tafiyar wasa ba ce, don 'yan fashin Bargu sun yi suna, amma ba wanda ke tambayar ka takarda.

Sai Turawa suka zo suna rige-rige. A 1894 Lugga, yana yi wa kamfanin Royal Niger aiki, ya isa Nikki neman yarjejeniya, 'yan kwanaki kaɗan bayansa Faransawa suka iso su ma da tasu takardar. Rigimar ta kusa kai su ga yaƙi, har ranar 14 ga Yuni 1898 da Ingila da Faransa suka sa hannu a Faris suka raba Bargu gida biyu: Nikki ta Faransa, Bussa da Illo na Ingila. Abin da ya fi ba ni mamaki, a cikin yarjejeniyar an ambaci Giris ɗinmu na nan ƙaramar hukumar Bagudo, a matsayin mashigar jiragen Illo. Daga tsakiyar garin aka ce a auna mil 10 a yi sama da kogi, nan ne layin zai taɓa ruwa. Wato da mutanen nan sun ce mil 5 ko mil 20, da wasu dangin da yau suke kashe sefa naira suke kashewa, wasunmu kuma da Faransanci za su yi makaranta. Dandawa da Kyangawa da Fulani da Bargawa duk layin ya bi ta tsakiyarsu, aure da jana'iza kuma ba su fasa haɗa su ba.

Shinkafa ita ma ta girmi layin nesa ba kusa ba. Jar shinkafarmu ta gargajiya ba daga Asiya aka kawo ta ba, a bakin Kwara aka fara noma ta shekaru dubbai da suka wuce. Wadda ta zo daga baya ita ce ta buhu mai tambari, 'yar Tailan da Indiya, wadda ke sauka tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Sirrin da kowa ya sani ne: yawancin turarriyar shinkafar da Benin ke shigowa da ita ba don tukunyar mutanenta ba ne, don tamu ce.

To a nan ne gwamnatocinmu suka riƙa gwada magani ɗaya. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986 zamanin Babangida. Da Buhari ya dawo a farar hula, a Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, lokacin Gwamna Atiku Bagudu. Ƙarshen 2016 aka fito da Lake Rice ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi, 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Ba zan ɓoye ba, ni ma na yi murna a lokacin, kuma noman rani ya bunƙasa ƙwarai. Wanda ya ce ba a yi komai ba, bai yi adalci ba.

Amma ranar 20 ga Agusta 2019 aka sake rufe boda, a Nuwamba kuma aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mai zama a Abuja ya ga ya toshe wa 'yan fasa-ƙwauri hanya. Manomin bakin iyaka kuwa da man nan yake tayar da injin ban ruwa. Ka ce masa ya noma shinkafar da za ta ciyar da ƙasa, sannan ka sa ya sayi mai a jarka da tsada.

Shinkafar waje kuma ba ta daina shigowa ba, hanya kawai ta sake. Daga babbar mota ta koma babur da kwalekwale da dare, kowane shinge da nasa rabon. Ni da kaina an taɓa tsare ni a hanya kan rabin buhun da aka auno mini daga gonar gidanmu, sai da na kwance bakin buhun na nuna tsakuwar da ke ciki kafin aka yarda 'yar gida ce. Ranar ce kaɗai tsakuwar shinkafarmu ta yi mini rana.

Su gwaggo fa? Da farashi ya tashi, shanshera ma ta tashi, kuma masu manyan injina da dillalansu ke zuwa da mota su kwashe tun a bakin gona. Matar da jarinta buhu biyu ne ba ta iya ja da su. Itace ya yi tsada, kuɗin inji ya ƙaru, mai saye kuma ya rage kwano. Ribar rufe boda ta tsaya a sama, wahalarta ce ta gangaro.

An buɗe iyakoki huɗu a Disambar 2020, Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Ba mu gama numfashi ba aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, manyan motoci suka yi jerin gwano, kwalekwale ya koma gada. A Yulin 2024 kuma gwamnatin Tinubu ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafa. Mai saye a birni ya ɗan samu sauƙi, ba na ƙin wannan, yunwa ba ta da daɗi. Amma manomin da ya sayi taki da mai da tsada ya zo ya sayar da araha, wasu a wajenmu har sun ce bana ba za su shiga fadama ba.

Ni ban ce a bar iyaka sakaka ba, musamman yanzu da matsalar tsaro ta iso mana daga wannan kusurwar. Abin da nake cewa shi ne, daga 1898 zuwa yau, ban ji an taɓa zama da mai gona ko mai gumi kafin a ja layi ko a rufe shi ko a buɗe ba. Wakilanmu na majalisa da ke bibiyar shafin nan, ƙaramin injin cire tsakuwa a kasuwannin ƙauye da bashin da zai kai hannun matan nan kai tsaye bai fi ƙarfinku ba.

Da zan dawo, gwaggo ta auna mini kwano uku ta ƙulle a leda. Na miƙa mata kuɗi ta ture hannuna, ta ce in an tsare ni a hanya in ce tata ce, kowa ya san ta.